Waken da Muka Kunna wa Fitila

Shekarar da aka mayar da ni Kurfi ban ji daɗi ba. A Dutsin-Ma gidana yake, a nan yarana ke karatu, kuma na saba in taka da ƙafa in isa wurin aiki. Sai aka wayi gari an tura ni wata sakandaren 'yan mata ta jeki-ki-dawo a Kurfi, in koyar da kimiyyar halittu. Kullum da safe sai in tsaya bakin titi jiran mota, a cusa ni tsakanin fasinja da buhuna, in isa makaranta mayafina duk ya yamutse. Amma da na saba da yaran, sai hanyar ta daina yi mini nisa. Kusan dukkansu 'ya'yan manoma ne da makiyaya. Idan na zana ganye a allo sai su yi shiru, idan kuwa na shigo da ganyen a hannu sai aji ya kaure da surutu, kowa na da abin faɗa.

A ƙarshen wata damina, gero ya nuna an fara girbi, muka iso darasin gado da muhalli da 'yan aji biyar. Na daɗe ina koyar da shi, har na haddace yadda nake bi. Na ce musu kowace shuka tana ɗauke da ƙwayoyin gado da ta karɓo daga iyayenta, su ne suke sa jar dawa ta haifi ja, fara ta haifi fara. Sa'an nan na ce muhalli, wato ƙasa da ruwa da taki da rana, shi ne yake taimaka wa abin da aka gada ya fito. Na rufe da maganar da na saba rufewa da ita: iri mai kyau, idan ya samu ruwa da taki isassu, dole ya yi kyau.

Akwai wata yarinya doguwa da ke zama a layin baya, ba ta cika magana ba, amma rubutunta tsaf yake. Ranar sai na ga ta ɗaga hannu.

"Malama, ki yi haƙuri, wannan maganar ba kullum take zama gaskiya ba."

Na ajiye alli na ce, "To, muna jin ki."

Ta miƙe tana murza bakin hijabinta. Ta ce a gidansu akwai wani farin wake mai yaɗo da suke shukawa tun zamanin kakanninsu. Idan mahaifinta ya shuka shi da damina tsakanin gero, yakan rufe ƙasa har ba a ganin kunyoyin gonar, ga 'ya'ya ga harawa, wato ganye da jijiyar da ake busarwa a ba dabbobi. Baffanta, ƙanin mahaifinta, ya koma wajen madatsar ruwa ta Zobe yana noman rani, yana kuma kiwon raguna. Bara, lokacin sanyi, ya zo ya roƙi irin, yana so ya samu ɗanyar harawa a daidai lokacin da kowa ke nemanta. Mahaifinta ya auna masa daga rumbu ya ba shi.

"Malama, Baffa na da injin ban-ruwa. Ya ba shi ruwa, ya ba shi taki, ƙasarsa ta fi tamu. Amma waken bai wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba ya fara fure. Ko yaɗo bai yi ba. Ya tsaya kamar wada."

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baffa ya ce Baba ne ya ba shi gurɓataccen iri, don dama bai so tafiyarsa Zobe ba. Baba kuma ya ce shi ne ya kashe shi da ruwa, don bai iya noma ba. Tun daga nan ba sa magana. Ko gaisuwar sallah Baffa bai zo ba."

Na tsaya ina dubanta. Na ce mata gaskiya, ban san dalili ba, amma zan bincika. Na tambaye ta ko za ta iya samo mini irin gida biyu: na rumbun mahaifinta, da kuma ɗan abin da Baffan ya samu daga waken da ya ƙi girma. Ta ce na gidansu ba wuya, na Baffa kuwa sai dai ta roƙi matarsa, don suna shiri. Bayan sati ta kawo mini ƙulli biyu a leda. Na zuba su a kan teburi. Duk fari ne mai baƙin ido, ba ka iya rarrabewa.

Na duba littattafan da nake da su, ban samu abin da ya gamsar da ni ba. Sai na tuna da wani da muka yi jami'a tare, wanda yanzu aikinsa binciken irin shuka ne. Na kira shi a waya na kwashe labarin na faɗa masa. Tun kafin in gama ya fara dariya.

"Malama, wane wata aka shuka shi?"

Na ce tsakiyar sanyi.

"To ba irin ba ne ya lalace, ba kuma ruwan ba ne. Yinin ne ya yi masa gajarta."

Ya yi mini bayani a natse. Yawancin wakenmu na gargajiya mai yaɗo yana lura da tsawon yini da tsawon dare. Muddin yini na da tsawo, kamar a farkon damina, sai ya yi ta yaɗo yana ƙara ganye. Da zarar dare ya fara tsawo a ƙarshen damina, sai ya daina yaɗo ya shiga fure. Wannan hali a cikin gadonsa yake, kuma shi ne yake sa 'ya'yansa su nuna bayan ruwa ya ɗauke, kada su ruɓe. Idan kuwa aka shuka shi da sanyi, tun yana tsiro ya tarar da dogon dare, sai ya yi fure tun yana ƙarami, ya tsaya a nan. Ya ƙara da cewa irin nan na zamani da manoma ke kira ɗan wuri ba ruwansa da wannan, ko yaushe aka shuka shi kusan girmansa ɗaya.

Na so in shiga aji washegari in zazzage musu amsar. A cikin mota na sake shawara. Idan na faɗa musu, za su rubuta su haddace, yarinyar nan kuma ta je gida ta ce Malama ta ce, babu wanda zai saurare ta. Don haka da na shiga, sai na raba allo biyu, na rubuta damina a gefe, rani a gefe.

"Ku faɗa mini duk abin da ya bambanta gonar Baba da damina da lambun Baffa da rani."

Suka fara jefowa. Ruwan sama da ruwan inji. Jigawa da ƙasar fadama. Zafi da sanyi. Takin gida da takin zamani. Wata ta ce ƙwari, wata ta ce iska. Duk na rubuta. Da suka gama na ce akwai saura. Suka dubi juna. Na ce, "A cikinku wa ta taɓa jin manya suna hirar azumin da ya faɗo da sanyi da wanda ya faɗo da farkon damina?"

Wata 'yar gajera mai yawan surutu, da ke zama gaba, ta yi caraf ta ce, "Innata ta ce azumin sanyi ba wuya, kafin ka ankara an sha ruwa."

"Don me?"

"Don magariba na yi da wuri, asuba kuma tana daɗewa ba ta yi ba."

Sai na ga yarinyar layin baya ta ɗago kai a hankali.

"Malama, yini ne? Wake ya san tsawon yini?"

Na ce, "Haka wani masani ya ce mini. Amma ni ban gani da idona ba, ku ma ba ku gani ba. Kuma ga sanyi nan a allo, ga ƙasa, ga ruwa. Ta yaya za mu san ba ɗaya daga cikinsu ba ne?"

Mai surutun ce ta sake magana, cikin wasa ma ta faɗa. "To mu ruɗe shi mana, Malama. Mu kunna masa fitila, ya zaci rana ba ta faɗi ba."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don abin da masu bincike ke yi ke nan, kuma ban faɗa musu ba. Na ce, "Abin da za mu yi ke nan."

Na je wurin shugabar makaranta neman fili. Dattijuwa ce mai tsare gida, ta kusa ritaya. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ce, "Malama, fitila za ki kunna wa wake?"

"E, Hajiya."

"A garin da yara ke karatu da hasken waya?"

Na ce fitilar kicin ɗina ce ta sola zan kawo, ba ta makaranta ba. Ta mayar da tabarau, ta ce akwai fili bayan ajujuwa kusa da rijiyar burtsatse, amma idan awaki suka cinye kada in zo mata da kuka.

Bayan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, muka gyara wurin. Yaran suka zo da fartanya daga gida. Muka yi fangali biyu, irin na masu lambu, ƙasa ɗaya, takin tumaki ɗaya muka raba musu daidai. A kowane fangali muka shuka layin irin Baba, layin irin Baffa, da layin ɗan wuri da na samo a kasuwar Kurfi. Tsakanin fangalin biyu muka kafa doguwar danga ta kara, muka lulluɓe ta da tsofaffin buhuna don kada haske ya tsallaka. A gefe ɗaya muka kafa sanda muka rataye fitilar. Na roƙi maigadin makaranta ya riƙa kunna ta idan an kira magariba, ya kashe bayan ya dawo daga sallar isha'i. Ya ce wannan ba komai ba ne, ai shi ma ya samu hasken alwala.

Kafin sati biyu labari ya zaga gari. Wata rana na shiga mota, direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ko ke ce malamar da ke kunna wa wake fitila?" Fasinja suka juyo suna kallona. Wani dattijo ya ce, "Allah ya sa ya haddace karatun." A gida ma ban tsira ba. Maigidana, duk lokacin da ya tarar da ni ina girki da tocila a baki, sai ya ce, "Sannu, wake na can cikin haske, mu muna nan cikin duhu." Ina dariya, amma a raina ina fargaba. Idan abin bai yi ba, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har da yaran.

Da farko babu wani bambanci. Duk suka tsiro tare, suka fitar da ganye tare. Ƙwari suka taso musu, muka jiƙa ganyen darbejiya muka fesa. Awakin da Hajiya ta yi gargaɗi a kansu kuwa sun zo, suka ci bakin layi ɗaya kafin a kore su, sai da muka kewaye wurin duka da ƙaya. Sa'an nan hutun ƙarshen zango ya zo. Yaran da ke cikin gari suka raba ban-ruwa a tsakaninsu ba tare da na sa su ba. Ni kuma nakan zo ranar kasuwa in leƙa.

A zuwana na biyu ne na tarar da yarinyar nan tsugune a bakin danga, bokiti a gefenta. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Malama, zo ki gani."

A fangalin da ba fitila, irin Baba da irin Baffa duk sun tsaya cak, 'yan gajeru, sun fara fitar da fure. A fangalin fitila kuwa, su ɗin dai, sun fara miƙa jijiya suna rarrafe a ƙasa, babu fure ko ɗaya. Ɗan wuri na tsaye a gefen nan da gefen can, kusan tsawonsu ɗaya, kamar ba abin da ya dame shi.

Ta nuna layin gefen duhu. "Wannan irin rumbunmu ne, Malama. Ni na ɗebo shi da hannuna. Ga shi ya zama irin na Baffa." Ta zagaya ta nuna ɗaya gefen. "Wannan kuma 'ya'yan wadan ne. Ga shi yana yaɗo."

Na dafa kafaɗarta na ce ta bari tukuna, mu ga ƙarshensa.

Da aka dawo hutu, waken gefen fitila ya rufe fangalinsa ya fara hawa danga. Na fito da aji duka muka zauna a kan duwatsu, a nan muka sake darasin da na yi musu a ƙarshen damina. Wannan karon ba ni na yi yawan magana ba. Na tambaye su, iri ne ya sa wancan ya yi yaɗo ko fitila? Wasu suka ce fitila. Wata ta ce in fitila ce kaɗai, don me ɗan wuri bai yi yaɗo ba, alhali yana ƙarƙashinta? Wasu suka koma suka ce to iri ne. Wata ta ce in iri ne kaɗai, don me ɗan'uwansa na bayan danga ya tsaya? Suka yi ta ja-in-ja, har malamin lissafi ya leƙo ta taga ya ga ko faɗa ake yi. Daga ƙarshe mai surutun nan ta ce, "Malama, kamar dai irin ne yake faɗa wa shuka abin da za ta saurara. Na gida an ce masa ya saurari yini, ɗan wuri ba a ce masa ba." Na ce su rubuta wannan yadda ta faɗa, mu mayar da shi Turancin jarrabawa daga baya.

Wani abu kuma ya dame su: gefen fitila ganye kawai yake yi, ba fure. Na ce to me za mu yi? Suka ce a kashe fitilar. Muka sauke ta, na mayar da ita kicin ɗina, maigida ya yi mata barka da dawowa. Ba a daɗe ba fure ya ɓarke a jikin yaɗon nan ko'ina.

Saura abu mai wuya. Taron iyaye da malamai na matsowa, kuma na san mahaifin yarinyar ba ya fashin zuwa. Baffan ne matsala. Na tambaye ta ko ta yarda in je in same shi. Ta ce sai an tambayi Baba. Washegari ta dawo da amsa: ya ce shi bai hana kowa zuwa ko'ina ba.

Ranar wata Asabar maigidana ya ɗauke ni a babur muka nufi Zobe. Mun sha tambaya kafin mu samu lambun. Muka tarar da shi yana jan tiyo tsakanin albasa da tumatir, wando a naɗe har gwiwa, mutum ne ƙaƙƙarfa mai saurin magana. Ya shimfiɗa mana buhu a inuwar mangwaro, suka gaisa da maigidana, sa'an nan na faɗa masa ko ni wace ce. Da na ambaci wake sai fuskarsa ta canja.

"Malama, in Yaya ne ya turo ki, ki koma ki ce masa na gode. Ni ba yaro ba ne. Na san irin gidanmu, a cikinsa na tashi. Abin da ya ba ni ba shi ba ne."

Na ce, "Alhaji, ba wanda ya turo ni. Ban zo sulhu ba, wannan ya fi ƙarfina. Na zo in gaya maka 'yarka ta shuka 'ya'yan waken nan naka a makaranta, kuma akwai abin da ya kamata ka gani da idonka."

"Wane waken? Wanda na ce a zuba wa tumaki?"

"Shi. An rage kaɗan."

Ya dubi gefen gidansa, ya girgiza kai, kamar ya gane ta inda aka bi. Ya ce yana da aiki, ban-ruwa ba ya jira. Na faɗa masa ranar taron iyaye. Da za mu tafi ya cika mana leda da tumatir, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Ranar taron, bayan an gama jawabai, shugabar makaranta da kanta ta ce iyaye su biyo ta bayan ajujuwa, akwai abin da yara za su nuna. Mahaifin yarinyar na cikinsu, siriri ne mai farin gemu, yana tafe hannuwa a baya. Ina ta waige. Sai da aka taru a bakin ƙaya na hango Baffan yana kafe babur a gindin bishiya. Ya zo ya tsaya a can ƙarshe, nesa da yayansa. Ba su dubi juna ba.

Na ce wa iyaye ba ni zan yi bayani ba, masu aikin ne za su yi. Yarinyar ta fito. Ta fara da sallama, murya ƙasa-ƙasa, har wani ya ce ta ɗaga. Ta ɗaga. Ta nuna fangali biyu, ta ce ƙasa ɗaya ce, taki ɗaya, ruwa ɗaya, sanyi ɗaya, rana ɗaya aka shuka. Ta nuna sandar da aka rataye fitila. Ta yi bayanin yini da dare da misalin azumi, na ga dattawa suna gyaɗa kai. Ba ta ambaci rigimar gidansu ba ko da kalma ɗaya. Ta dai ce, "Wannan layin daga rumbun Baba ne, wannan kuma daga lambun Baffa," a gefen duhu, sa'an nan ta maimaita haka a gefen fitila.

Baffan ya ratsa mutane ya shigo. Ya tsuguna a gefen fitila, ya kama bakin wata jijiya, ya bi ta da hannu a hankali cikin ganye har ya kai gindinta, don ya tabbatar daga layin da aka ce nasa ne ta fito. Ya tashi ya zagaya bayan danga. Ya daɗe tsaye a kan 'yan gajerun.

"Wannan kika ce daga rumbu?"

"E, Baffa. Ni na ɗebo."

Ya tsinki busasshen ɗa guda, ya murje a tafinsa, ya duba. Fari mai baƙin ido. Mahaifinta ma ya matso, ya sunkuya yana duban nasa irin da ya zama wada a ƙasar da ba wanda ya cika wa ruwa. Shi ya fara magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Ashe ba ruwa ba ne."

Baffan ya ce, "Ashe ba iri ba ne." Ya cire hula ya mayar. "Yaya, na ɗauki alhakinka."

"Ni ma na ɗauki naka. Bar maganar, mutane na kallo."

Iyakar abin da suka ce ke nan a gabanmu. Sauran iyaye suka rufe yaran da tambayoyi. Wani ya ce ko abin da ya samu dawarsa ke nan da ya yi gwajin ta da rani. Wani makiyayi ya tambaya ko fitila nawa za ta ishi gona guda, aka yi dariya, mai surutun ta ce masa ya fi sauƙi ya nemi irin da ba ruwansa da yini. Ina tsaye a gefe ina jin 'yan mata 'yan shekara goma sha shida suna amsa wa magidanta tambayar noma, ba inda-inda. A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Shugabar makaranta ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Malama, badi ki faɗa mini da wuri, a ba ki fili babba."

Baffan bai koma Zobe ranar ba sai da ya biya gidan yayansa ya ci abinci. Yarinyar ce ta gaya mini ranar Litinin. Ta ce tun kafin a ɗauke kwano sun fara sabuwar gardama a kan wanda ya fi iya kiwon rago, amma wannan irin gardamar da suka saba ce, har mahaifiyarta na dariya a tsakar gida. Da rani na gaba Baffan ya shuka ɗan wuri a lambunsa don 'ya'ya, ya bar mai yaɗo sai damina.

Waken fangalin fitila ya nuna kafin zafi ya tsananta. Muka rore shi, muka sussuka, bai kai wani abin kirki ba, amma 'yan ajin suka dage sai an ci. Ranar wata Alhamis suka zo da gari da manja da yaji, muka aro tukunya a gidan da ke maƙwabtaka da makaranta, aka yi ɗanwake a bayan ajujuwa. Kowa ta samu 'yan ƙwayoyi a murfin kwano. Aka kai wa malamai nasu a ofis. Harawar kuwa maigadi ya ɗaure ya kai wa tunkiyarsa.

Yarinyar ta gama makaranta da sakamako mai kyau, yanzu tana karatun aikin gona a jami'a. Mai surutun ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa ba ta barina in yi magana. Ni ina nan Kurfi. An taɓa ba ni damar komawa Dutsin-Ma, na ce a bar ni tukuna. Bana da 'yan aji biyar muna gwada barkono ne, don wata ta ce na gidansu ya fi yaji idan an bar shi da ƙishi, wata kuma ta rantse ƙarya ne. Mun shuka shi a tsofaffin bokitai, rabi muna ba su ruwa kullum, rabi muna ja musu rai. Bai nuna ba tukuna, kuma har yanzu ba a samu wadda ta yarda za ta fara ɗanɗanawa ba.